Kora, Mari ko Magani: Me Gari Zai Yi da Ɗan da Ƙwaya ta Kama?

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, aka kuma sake buɗe kasuwar kara ta garin bayan ta yi kimanin shekara goma a rufe. Motocin dabbobi suka dawo lodi, manoma suka fara leƙa gonakin da suka daɗe rabonsu da su. Daga Kuyello zuwa Dogon Dawa, daga Randagi zuwa Kakangi, addu'ar kowa ɗaya ce: Allah Ya ɗorar da zaman lafiya.

Sai dai idan ƙarar bindiga ta lafa, a nan ne gari ke ganin irin ɓarnar da aka bar masa. Akwai samarin da aka raba da ƙauyukansu, karatunsu ya tsaya, wasu suna kwana a tasha ko a kango, wasu kuma ƙwaya ta riga ta kama su. Sa'o'inku ne. Wasunsu ma benci ɗaya kuka zauna da su a firamare. To, me gari zai yi da su? Hukumomi a nan gida da ƙasashen waje sun gwada amsa uku: a kore su, a ɗaure su, ko a yi musu magani. Bari mu bi kowace ɗaya mu ga inda ta kai masu ita.

Igiya ɗaya, ƙulli uku

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana da mazaɓu 11, Kuyello ɗaya ce daga cikinsu, a ɓangaren gabas. Ƙasa ce ta noma da kiwo da haƙar zinare, ga dazuka manya irin su Kamuku da Kuduru. Waɗannan dazukan ne 'yan bindiga suka mayar maɓoya shekara da shekaru. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum sama da 40 a harin da aka kai ƙauyen Gwaska. A watan Maris na 2021 aka sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama. A 2022 mutanen Damari suka yi ƙaura, suka bar gidaje da gonaki.

Matakan da gwamnati ta ɗauka don matse 'yan bindiga su ma sun taɓa talaka. A 2021 an dakatar da cin kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, aka hana zirga-zirgar babura, aka katse layukan waya na tsawon makonni. Ku kwatanta saurayi ɗan shekara 17 a irin wannan lokaci. Gona ba ta shiguwa, kasuwa a rufe, acaɓa an hana, makaranta babu malami. Me ya rage masa?

Daga nan ne igiyar ke fara ƙulluwa. Rashin tsaro ya kori yaro daga gida. Rashin wurin kwana ya haɗa shi da waɗanda za su miƙa masa abin da zai “manta damuwa”. Ƙwaya kuma kullum sai an saye ta, ga shi ba aikin yi. Sai ɗauke-ɗauke, sai ƙwacen waya, wani ma har ya yarda ya zama mai kai wa 'yan daji bayanai ko saƙo don abin da bai taka kara ya karya ba. Su kansu 'yan bindigar abokan cinikin dillalan ƙwaya ne, domin hukumar NDLEA ta sha sanar da kama masu yi musu safararta. Kun ga an zagayo an dawo kan rashin tsaro. Duk wanda ya kwance ƙulli ɗaya ya bar biyu, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

A farkon 2019 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani nau'in kayan maye a cikin shekara guda. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin kowane bakwai. Masu shan tabar wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. A yankinmu na Arewa maso Yamma, adadin ya kai kimanin mutum miliyan uku.

Akwai abu biyu a binciken da ya kamata ku riƙe. Na farko, cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce, don haka maganar ba ta samari kaɗai ba ce. Na biyu, cikin kowane biyar, ɗaya ya kai matsayin da abin ya zame masa ciwo, ba zai iya bari da kansa ba sai da taimako.

Me ya sa bari ke da wuya?

Tiramadol magani ne na gaske, likita na rubuta shi ga mai tsananin ciwo. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 225 ko 250. Ɗan ƙwadago a gona, ko mai haƙar zinare, ko ɗan acaɓa, yakan fara sha ne don ya jure wahala ya daɗe yana aiki.

Abin da bai sani ba shi ne, ƙwaƙwalwa tana sabawa. Guda ɗayan da ta ishe shi a watan jiya, a wannan watan sai biyu, gaba sai huɗu. Ranar da bai samu ba, sai ciwon jiki, zufa, gudawa, rashin barci da baƙin rai. A wannan matakin ba daɗi yake nema ba, gudun azabar rashi yake yi. Idan ya sha ya wuce kima, tana iya jawo masa jijjiga kamar ta farfaɗiya, ko numfashi ya yi ƙasa har rai ya yi halinsa. Kodin ma haka, domin hanta tana juya wani sashe nasa ya koma mofin. Masana kuma sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara yana yaro ya fi saurin kamuwa.

Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa duka da zagi ba sa raba mutum da ƙwaya.

Amsa ta farko: a kore su

Ita ce ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi saurin burge jama'a. A watan Yuli na 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a Sabon Garin Zariya, gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta bara da talla a kan tituna saboda dalilan tsaro. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta ɗibar dubban almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa. Tituna sun yi fayau na ɗan lokaci. Amma duk wanda ya bi ta tashoshin Kaduna, Zariya ko Kano a yau ya san yaran sun dawo, domin yunwa da rashin da suka fito da su suna nan ba su gusa ba.

An gwada irin wannan a kan kayan mayen ma. A ƙarshen watan Afrilu na 2018, BBC ta fitar da wani bincike na bidiyo kan yadda ake karkatar da maganin tari mai kodin zuwa hannun matasa. Washegari gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Mataki ne da ya dace, ya kuma rage yawan kwalaben da ke yawo. Sai dai wanda ya riga ya kamu, hanin bai warkar da shi ba. Ko dai ya saya da tsada a bayan fage, ko ya koma wa wani abin.

Ƙasar Filifin ce ta kai wannan hanya ƙarshenta. Daga 2016, shugabanta na lokacin, Rodrigo Duterte, ya ƙaddamar da yaƙi kan masu ƙwaya, inda alƙaluman gwamnati kansu suka nuna an kashe mutum fiye da 6,000, yawancinsu talakawa. Ƙwaya ba ta ƙare a ƙasar ba, shi kuwa a watan Maris na 2025 aka kama shi aka miƙa wa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya.

Amsa ta biyu: a ɗaure su

A watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara. Wasu da mari a ƙafa, wasu jikinsu duk tabon bulala. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko gagara. Makonni kaɗan bayan haka aka gano irin wannan a Daura da wasu garuruwa, gwamnatoci suka shiga rufe gidajen mari.

Kafin mu ɗora wa iyayen laifi, mu tambaya: ina za su kai 'ya'yan? Uwar da ɗanta ya sayar mata da tukunya da tabarma don ya sayi ƙwaya, tana ƙauye, babu likitan ƙwaƙwalwa kusa, abin da ta gani shi ta kama. Gidan mari ya samu kasuwa ne saboda asibitin da ya kamata ya karɓi yaran ya yi nisa ko ya yi tsada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mari yana hana ƙafa tafiya, amma ba ya taɓa ciwon da ke cikin ƙwaƙwalwa. Ranar da aka kwance, yaro ya koma unguwar da ya baro, ga tsofaffin abokai, ga dillali, ga kuma sabon baƙin ciki. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma ba masu irin wannan larura haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

Amsa ta uku: magani, ɗaki da abin yi

Ƙasashe uku na Turai sun gwada wata hanya daban, kowace ta kama ƙulli ɗaya.

Fotugal ta fara da magani. A 2001 ta fara aiki da dokar da ta ce wanda aka kama da ɗan abin da bai wuce na shan kansa na kwana goma ba, ba za a kai shi kurkuku ba. Za a tura shi gaban wani ƙaramin kwamiti mai masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na walwala, su duba halinsa su haɗa shi da asibiti idan yana buƙata. Dillali kuwa hukuncinsa na nan daram. Bayan haka masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allurar maye suka ragu ƙwarai, mace-macen shan ƙwaya fiye da kima kuma suka zama cikin mafiya ƙaranci a Yammacin Turai.

Finlan ta fara da ɗaki. A da, sai mutum ya daina shaye-shaye sannan a ba shi wurin zama. Daga 2008 suka juya lamarin: a fara ba shi ɗaki mai ƙofa da makulli, sannan ma'aikata su bi shi da magani da neman aiki. Hujjarsu ita ce, wanda bai san inda zai kwana yau ba, ba zai iya riƙe alƙawarin zuwa asibiti gobe ba. Marasa matsuguni a ƙasar sun ragu daga kimanin 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙasa da 4,000 a 2023.

Aisland ta fara da yaran da ba su riga sun kamu ba. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 a ƙasar sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata. Hukumomin garuruwa suka haɗa kai da iyaye da makarantu: aka ƙayyade lokacin da yaro zai kasance a waje da dare, aka zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sana'o'in hannu bayan an tashi makaranta, aka ƙarfafa iyaye su riƙa zama da 'ya'yansu. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5.

Amma akwai gargaɗi. Jihar Oregon ta Amurka ta cire hukunci kan mallakar ɗan abin sha bayan ƙuri'ar da aka kaɗa a 2020, sai dai wuraren maganin ba su tsaya da ƙafarsu a kan lokaci ba. Shaye-shaye ya fito fili a tituna, jama'a suka koka, a 2024 aka dawo da hukuncin. Darasin a bayyane yake: sassauci ba tare da asibiti ba, sakaci ne. Addininmu da al'adarmu sun haramta maye, ba kuma wanda ke cewa a halatta shi. Abin koyi a nan shi ne bambance mai sayar da guba da wanda gubar ta kama. Na farko kotu, na biyu asibiti.

Aikin wa ke nan?

Yawancinmu idan an ce gwamnati, Abuja muke hange ko Gidan Sir Kashim Ibrahim. Alhali kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki har da kafa gidajen kula da gajiyayyu da marasa galihu, da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da sa ido kan shaguna da rumfuna, da sa hannu a ilimin firamare, na manya da na sana'a, da kiwon lafiya. Ku sake duba jerin. Tasha da kasuwa nan ne yaran ke kwana. Rumfa da shago nan ne ake sayar musu da ƙwaya. Ashe maganar tana kan teburin shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Birnin Gwari ba ta da arziƙin Finlan, amma ba komai ne ke buƙatar miliyoyi ba. Masu unguwanni da dagatai za su iya ƙirga yaran da ke kwana a waje, a san sunan kowa da ƙauyensu, domin wanda ba a ƙirga ba, ba ya shiga kasafi. Za a iya gyara ɗakuna biyu ko uku a gari irin Kuyello su zama masauki mai dattijo mai kula. Za a iya horar da ma'aikacin ƙaramin asibiti ya gane alamun kamuwa, ya kuma san yadda zai tura mara lafiya Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Jihar Kaduna ma ta kafa hukuma ta musamman don rigakafi da maganin shaye-shaye, sai a nemi aikinta ya iso karkara. Za a iya haɗa yaro da kafinta, tela, bakanike ko mai walda, a tallafa wa ubangidan da kayan aiki. Masu kemis kuma a zauna da su a ja layi: wanda ya sayar da tiramadol ba takardar likita, a miƙa shi ga hukuma. 'Yan banga su ma a koya musu cewa yaron da aka tsinta a buge asibiti ake kai shi.

Wannan duk aikin tsaro ne. Kowane saurayi da ya samu ɗaki da sana'a, an rage wa daji mutum ɗaya da zai iya ɗauka.

Naku kason

Kada ku ce ku yara ne. Ku ne kuka fi kowa sanin wanda ya fara canjawa a aji: barci a kan tebur, jan ido, fashin makaranta, yawan neman rance, sababbin abokai da ba a san asalinsu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ka ga haka ga abokinka, ko kin gani ga ƙawarki, a sanar da malami ko wani babba mai riƙon sirri. Wannan ba gulma ba ce, ceto ne. Hukumar NDLEA tana da layin kira kyauta, dare da rana, don neman shawara: 0800 1020 3040.

A kiyayi baki kuma. Wanda ake kira “ɗan ƙwaya” a duk inda ya gifta, yakan ƙare da yarda cewa sunansa ke nan, ya daina ƙoƙari. Wanda ya dawo daga magani, a ja shi cikin ƙwallo, a ba shi aron littafi, a zauna kusa da shi a masallaci ko coci.

Sannan ga ƙa'ida ɗaya da ba ta da togiya: duk ƙwayar da ba likita ko ma'aikacin lafiya ne ya rubuta maka ba, kada ta shiga bakinka, ko da an ce maka ta ƙarfin aiki ce, ko ta karatun dare lokacin jarrabawa.

Ga aikin wannan mako ga ƙungiyoyin muhawara da na 'yan jarida na makarantu. Ku nemi sunan kansilan mazaɓarku. Ku rubuta masa wasiƙa cikin ladabi, da sa hannun shugaban makaranta, ku yi masa tambaya uku: Yara nawa ne ke kwana a waje a mazaɓarmu? Idan yaro ya kamu da shaye-shaye, ina iyayensa za su kai shi? Nawa aka ware wa wannan a kasafin bana? Duk amsar da kuka samu, ku aiko wa wannan shafi, za mu buga ta tare da sunan makarantarku.